Ranar da Babur Ɗin Ƙanƙara Ya Ƙi Tashi

 

Yau za mu yi nisan zango. Za mu je can ƙurewar arewacin duniya, inda ake shafe wata bakwai ko takwas ba a taka ƙasa ba sai ƙanƙara, inda a wasu garuruwan rana kan faɗi a watan Nuwamba, ba a kuma ganinta sai ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu. Abin da zai kai mu kuwa, da jin sa sai a ce zancen garejin bakanike ne: inji ya kwana cikin sanyi, gari ya waye ya ƙi tashi. Amma ku biyo ni a hankali. A wancan yanki, wannan ƙaramar magana ita ce ke raba wanda zai kwana cikin iyalinsa da wanda gari zai fita nema.

A arewacin Kanada akwai yankin Nunavut, ƙasar mutanen Inuit, wanda ya samu gwamnatinsa a 1999. Faɗinsa ya ninka na Najeriya sau biyu har da ɗoriya, amma mutanensa kimanin dubu 40 ne, a warwatse cikin garuruwa 25. Babu titin mota ko ɗaya da ya haɗa wani gari da wani. Man fetur da kaya masu nauyi jirgin ruwa ke kawo su a 'yan watannin da teku ke narkewa, sauran shekara sai jirgin sama. Abincin kanti tsada gare shi ta fitar hankali, shi ya sa gidaje da yawa naman farauta da kifi ne ke rufa musu asiri. To mai zuwa farauta, ko kamun kifi ta ramin da ya huda a ƙanƙara, ko gaishe da dangi a gari na gaba, me zai hau?

Babur ɗin ƙanƙara zai hau. Kamar babur yake, da kai da kujera da totur, sai dai a gaba maimakon taya, wasu dogayen faranti biyu ne masu sulɓi, a baya kuma faffaɗan bel ne na roba mai haƙora, yana juyawa yana tura shi bisa dusar ƙanƙara. A ɗaura masa doguwar amalanke marar taya, wadda Inuit ke kira qamutiik, a loda mata tanti da risho da jarkokin mai da bindiga, wani lokaci har da yara a lulluɓe cikin fatu. Haka abin yake a ƙauyukan Alaska, haka yake wajen makiyayan Sami a arewacin Finlan da Norway da Sweden, haka yake a Siberiya.

Asalin wannan abin hawa ma daga baƙin ciki ya fito. A garin Valcourt na lardin Kebek akwai wani bakanike, Joseph-Armand Bombardier. A lokacin sanyin 1934 ɗansa mai shekara 2 ya kamu da ciwon ciki mai tsanani, ƙanƙara ta rufe hanyoyi, aka rasa yadda za a kai shi asibiti, yaron ya rasu. Uban ya duƙufa. A 1937 ya fito da motar ƙanƙara mai ɗaukar mutum 7, a 1959 kuma kamfaninsa ya fito da ƙaramin nan na mutum ɗaya ko biyu mai suna Ski-Doo. Tun daga tushe ke nan, injin gaggawa ne, injin ceton rai. Injin ceton rai kuwa abu na farko da ake bukata gare shi, ya tashi idan an tashe shi.

Bari mu fahimci irin sanyin da ake magana. Mu nan idan hunturu ya kankama a Kano ko Damagaram, ma'auni ya sauko digiri 10 ko 12 da asuba, sai ka ga an kewaye wuta a bakin hanya. Can kuwa digiri 30 ko 40 ƙasa da sifili ba labari ba ne a watan Janairu. A Snag da ke yankin Yukon na Kanada an auna digiri 63 ƙasa da sifili a watan Fabrairun 1947. A Oymyakon ta Siberiya an auna 67.7 ƙasa da sifili a 1933. A irin wannan yanayi roba kan bushe ta tsage, waya kan karye idan an lanƙwasa ta, man inji kan daskare har ka kife galan ya ƙi zuba.

To me ke faruwa a cikin injin?

Abu na farko, kuma shi ne wanda mutane suka fi jahilta: fetur a matsayinsa na ruwa ba ya kama wuta. Tururinsa ne ke kamawa. Warin nan da kake ji idan an buɗe tanki, shi ne abin da fulogi ke kunnawa. Da zafi, fetur na tashi ya zama tururi nan da nan. Sanyi na ƙaruwa, tururin na raguwa, har idan aka kai wajen digiri 40 zuwa 45 ƙasa da sifili, fetur ya kusa daina fitar da tururin da zai isa a kunna. Ga mai cike da tanki, ga tartsatsi a bakin fulogi, amma babu abin da zai kama. Ɗan man da ya samu ya shiga ciki ma, da ya taɓa ƙarfen silinda mai sanyi sai ya koma ruwa, ya manne a bango.

Sannan ga iska. Iskar sanyi ta fi ta zafi kauri. Iskar digiri 40 ƙasa da sifili ta fi ta digiri 25 nauyi da fiye da kashi 25 cikin 100. Kowane zuƙa da fistin zai yi, iska mai yawa ce ke shiga, tururin mai kuwa kaɗan. Inji yana son awo, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi. Sanyi ya ɓata awon ta fuska biyu a lokaci guda.

Maganin da masu ƙera inji suka yi tun da daɗewa shi ne cok, a wasu kuma ɗan famfo da ake dannawa ya tsarta mai kai tsaye cikin maƙogwaron injin. Dabarar ita ce a zuba mai fiye da kima, don ko kaɗan daga cikinsa ya zama tururi, ya wadatar. Duk wanda ya taɓa tayar da ƙaramin janareton nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, ya ɗaga cok, ya ja igiya, ya san rabin wannan karatu, don yawancin baburan ƙanƙara na da, da ma da yawa na yanzu, irin wannan injin gare su, mai bugu biyu. Kuma ya san abin da ke biyo baya idan aka yi garaje. A tsarta mai sau biyu, a ja, bai tashi ba. Zuciya ta ɗebi mutum, ya ƙara sau biyar. Nan take fulogi ya jiƙe sharkaf, wuta ta daina tsallakawa ta bakinsa, ta riƙa zurarewa ta jikin man. Injin ya shaƙe. Yanzu matsala ta zama biyu, kuma ta biyun da hannunsa ya jawo ta.

A nan ake gane gwani. Gwani yana sauraro. Idan injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu, ya san mai ya isa, sai ya rage cok. Idan ya ji warin ɗanyen fetur na fitowa ta salansa, ya san ya shaƙe, sai ya kashe cok gaba ɗaya, ya buɗe totur don iska ta share man, ko ya kwance fulogan ya ja igiya a banza sau da yawa, ya sa busassu. Shi ya sa tsofaffin matafiya ke ajiye sababbin fulogai a aljihun ciki, a jikin fata, inda ɗumin jiki zai same su. Amma a kula da wannan buɗe totur. Babur ɗin ƙanƙara galibi ba shi da giyar da ake sawa a firi kamar ta babur. Kulocinsa da kansa yake kamawa idan gudun injin ya kai wani mizani. Idan ya tashi totur na buɗe, zai iya zabura ya bar mai shi a tsaye, ko ya afka wa wanda ke gaba. Saboda haka ne ake da wata 'yar igiya da mahayi ke maƙalawa a rigarsa, wadda in ta fizge, injin ya mutu. Wanda ya raina wannan igiya, ransa ya raina.

Abu na biyu, batir da baƙin mai. Waɗannan biyun tare suke haɗa kai su ci amanar mutum. Batir ba rumbun wuta ba ne kawai, wani haɗi ne na dalma da ruwan asid da ke aiki a cikinsa, kuma sanyi na rage wa wannan aikin kuzari. Lambar da ake rubutawa a jikin batir don nuna ƙarfinsa a sanyi, a digiri 18 ƙasa da sifili ake auna ta, na daƙiƙa 30. A nan ma ƙarfinsa ya riga ya ragu ƙwarai, balle a je 40. A daidai lokacin da batir ya raunana, a lokacin ne man inji ya yi kauri, juya injin ya ƙara wuya. Ana neman ƙarin ƙarfi daga wanda ƙarfinsa ya ragu. Sai ka danna sitata ka ji ta yi gurnani sau biyu, ta koma ƙas-ƙas, ta yi shiru.

Akwai wani abu game da batir da ya kamata kowa ya riƙe, har da 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai biranen Kanada masu sanyi irin su Winnipeg, suna fama da motocinsu. Batir mai cikakken caji ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifili. Amma wanda cajinsa ya ƙare, ruwan cikinsa ya kusa komawa ruwa zalla, yakan daskare tun kafin a kai digiri 10 ƙasa da sifili. Wato mutumin da ya yi ta danna sitata har batir ya mutu, ya bar shi ya kwana a waje, da safe yana iya tarar da shi ya kumbura ya tsage. Batir ɗin da ya daskare kuma ba a yi masa caji, ba a haɗa shi da wani, don yana iya fashewa. Sai an kai shi ɗaki ya narke tukuna.

Nan ne bambancin inji mai bugu biyu da mai bugu huɗu ke fitowa. Mai bugu huɗu, irin na mota, ya fi tsimin fetur, ya fi daɗewa, hayaƙinsa kaɗan. Amma yana da kaskon mai a ƙasa wanda sanyi ke daskararwa, kuma yawancinsu ba su da igiyar ja, sai batir. Idan batir ya ce a'a, magana ta ƙare. A cikin gari wannan ba damuwa ba ce, akwai ɗan hita da ake sakawa a jikin injin a jona da lantarki ya kwana da ɗumi, kamar yadda ake jona motoci a wuraren ajiye su a Fairbanks ta Alaska. Akwai kuma man inji na musamman mai tsinkewa, irin wanda lambarsa ke farawa da 0W. Amma mafaraucin da ke kwana a tanti, kilomita 100 daga gida, ina zai jona?

Abu na uku ruwa ne, kuma shi ɓarawon ɓoye ne. Tankin da ba a cika ba yana da iska a samansa. A shigar da babur gareji mai ɗumi, a fito da shi sanyi, raɓa ta taru a bangon tankin ta gangara cikin mai. Ko a buɗe murfi ana zuba mai cikin guguwa, ɗan garin ƙanƙara ya faɗa. Ɗigo kaɗan ya isa. Ya sauka ƙasa, ya daskare a cikin tiyo ko a ɗan ramin kafireta da bai fi bakin allura ba, mai ya daina wucewa. Shi ya sa ake cika tanki kafin a kwanta, ake kuma zuba wani sinadari mai shanye ruwa a cikin fetur. Wani lokacin ma ba mai ba ne. Wayar totur ce ta daskare, sai na'urar tsaro da aka sa don kada injin ya zabura ta hana shi tashi. Ko wani ɗan makunnin lantarki da bai fi akwatin ashana ba ya maƙale saboda raɓa, mutum ya cire shi ya dunƙule a tafin hannu ko ya sa a hammata minti kaɗan, ya mayar, injin ya tashi kamar ba shi ba.

Duk wannan ƙarfe ne da mai. Mu juya ga mutumin da ke tsaye a kansa, don shi ne ya fi ba ni tausayi.

Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi da iska suka haɗu suka kai awon 40 zuwa 47 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 5 zuwa 10. Kwance fulogi kuwa ba ya yiwuwa da manyan safofin hannu na fata. Dole a cire, a kama sufana, ƙarfen na cizon yatsu, a yi aikin daƙiƙa kaɗan, a mayar da hannu cikin riga, a sake fitowa. Fetur ɗin da ya kwana a waje shi ma sanyinsa ya kai na iskar, amma bai daskare ba. Ya zuba a hannu, nan take ya ƙone fata da ƙunar sanyi. Ga kuma gumi. Mutum ya ja igiya sau talatin, sau arba'in, jiki ya ɗau zafi, zufa ta jiƙa rigar ciki. Da ya tsaya hutawa, jiƙaƙƙiyar rigar nan ta fara zuƙe ɗumin jikinsa. Mutanen arewa suna tsoron gumi fiye da yadda suke tsoron iska. Shi ya sa mai hankali kan buɗe rigar sama kafin ya fara ja, kuma ba ya ja da fushi.

To me mazauna wurin ke yi? Amsarsu guda ce, kuma ilimin kimiyya ya gaskata su: a ba injin ɗumi. Duk matsalolin nan uku, tururin mai da batir da ƙanƙarar cikin tiyo, ɗumi kaɗan ke warware su. Ba sai injin ya yi zafi ba, a ɗaga shi daga 40 zuwa 20 ƙasa da sifili ma an yi rabin aiki. Wasu kan lulluɓe gaban babur da tamfol, su kunna risho a gefe zafin ya taru a ciki, su koma su dafa shayi. Wasu kan cire batir su kwana da shi a tanti. Wasu kan tafasa ruwa su zuba a jikin injin, nesa da wayoyi. Idan ana tafiya biyu, wanda nasa ya tashi sai ya karkato da hayaƙin salansarsa ƙarƙashin murfin na ɗan'uwansa. Tun da dare ma akwai shiri: a juya gaban babur ya ba iska baya, a rufe shi. Iska ba ta iya sanyaya ƙarfe fiye da sanyin da ake ciki, amma tana saurin kwashe ɗumin da ya rage, tana kuma cusa garin ƙanƙara cikin kowace kafa. Da safe kafin a kunna, a ja igiya a hankali sau da yawa makunni na kashe, don fistin ya saki jiki.

Ba zan ɓoye muku ba, dabarar risho akwai haɗari. Wuta ce kusa da fetur a ƙarƙashin tamfol, kuma baburan da suka ƙone ta haka ba kaɗan ba ne. Wanda ke yin ta ba ya matsawa daga wurin. Haka tayar da inji a cikin rufaffen gareji, a cikin hayaƙinsa akwai iskar da ke kisa ba tare da wari ba. Akwai kuma wani feshi na gwangwani da ake sayarwa don tayar da inji, mai saurin kamawa. Ina ganin a inji mai bugu biyu wannan feshi bashi ne da ruwa. Yana wanke ɗan man da ke shafe a bangon silinda, ƙarfe ya goge ƙarfe a bushe. Yau ya tayar maka, gobe ya ci maka fistin.

Kuma ko ya tashi, ba a gama ba. Fistin na alminiyom ne, ya fi silinda saurin kumbura idan ya ji zafi. Mai gaggawar da ya murɗa totur kafin injin ya ɗumama, fistin ya buɗe ya cika ramin da bai buɗe ba tukuna, ya kama, inji ya buga. Bel na baya da farantan gaba kan manne da ƙanƙara cikin dare, sai an ɗaga bayan babur an girgiza, an bubbuga farantan da ƙafa. Wanda bai yi haka ba, bel ɗin kuloci ne zai ƙone a wuri ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, kuma a can minti biyar na jira shi ne kuɗin tafiyar yini.

Yanzu ga inda nake son mu tsaya mu yi tunani.

Kafin wannan inji, karnuka ne ke jan amalanken Inuit. Kare ba ya ƙin tashi da safe. Abin da mai shi ya farauto shi yake ci, kuma cikin guguwa yakan gane hanyar gida. Yadda karnukan suka ƙare ma akwai ciwo a ciki. Tsakanin 1950 da 1975 an kashe karnuka masu yawa a yankin Qikiqtani na Nunavut lokacin da ake tattara mutane cikin garuruwa, har gwamnatin Kanada ta fito ta nemi gafara a 2019. Babur ya zo ya cike gurbin, ya kawo sauri, tafiyar kwana uku ta koma ta yini. Babu mai musun alherinsa, kuma babu mai cewa a koma baya. Amma ya zo da sharaɗi. Wani masani, Pertti Pelto, ya zauna da makiyayan Sami na Sevettijärvi a Finlan, ya rubuta a littafinsa na 1973 yadda cikin shekaru kaɗan da zuwan babur ɗin kiwo ya koma sai mai kuɗin fetur da kayan gyara, iyalai da dama suka fita daga sana'ar iyayensu. Ƙarfin tafiya da a da ake samu a gida, ya koma abin da ake sayowa daga nesa.

To idan rayuwar mutum ta rataya a kan abin da ake ƙerawa nesa da shi, dole a tambaya: da wa aka yi tunani lokacin da ake ƙera shi? Mafi yawan masu sayen baburan nan 'yan shaƙatawa ne a kudancin Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen arewacin Turai, masu hawa ranar hutu a kan hanyoyin da aka gyara, su dawo su sa a gareji. Abin da ke burge su gudu ne da ƙarfi. Yau akwai injunan da ƙarfinsu ya haura na dawaki 150. Amma ku tuna, a watan Afrilun 1968 Ralph Plaisted na jihar Minnesota da abokan tafiyarsa sun isa tsakiyar ƙurewar arewa, bisa daskararren teku, a kan ƙananan Ski-Doo da ƙarfin kowanne bai kai na dawaki 20 ba. Abin da ya kai su, injuna ne marasa nauyi da mutum zai iya ɗagawa, ya kwance, ya ɗaure da hannunsa.

Shi ya sa har yau a arewa ake begen wani ɗan babur na Yamaha mai suna Bravo, mai silinda ɗaya, marar ado, wanda aka daina ƙerawa bayan 2011. Shi ya sa a Siberiya har yanzu ake riƙe da Buran, tsohon ƙirar Rasha tun shekarun 1970. Ba don sun fi kyau ba, kuma ba don ba sa lalacewa ba. Don idan sun lalace, mai su ya san inda zai taɓa.

Gaskiya kuma a faɗe ta. Dokokin rage hayaƙi da Amurka ta fara aiki da su kan baburan ƙanƙara daga 2006 sun tilasta wa kamfanoni gyara, kuma gyaran ya yi amfani. Injunan zamani masu kwamfuta suna auna sanyin iska da kansu, su ba da man da ya dace, ba cok ba shaƙewa. Wasu, irin E-TEC na Ski-Doo, da igiya ma suna tashi ko babu batir. A ranar da komai ke lafiya, sun fi na da saurin tashi nesa ba kusa ba, kuma mai kaɗan suke sha, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗaukar jarkoki. Damuwata ita ce ranar da ba lafiya. Kafireta idan ta toshe, a kwance ta a cikin tanti, a hure ta, a mayar. Amma na'urar auna zafi idan ta mutu, ko kwamfutar ta ƙi, sai an jona ta da na'urar dillali, dillalin kuwa yana iya kasancewa tafiyar jirgin sama. Kamfanin da ya sayar wa mafarauci injin da ba zai iya gano ciwonsa a daji ba, bai gama yi masa aiki ba. A ganina bai kamata a sayar da babur ɗin aiki a ƙurewar arewa ba tare da hanya ta biyu ta tayar da shi ba, kuma ya kamata littafin gyara da na'urar gano matsala su kasance a hannun makanikan garuruwan da kansu. Ga shi masu ƙerawar ma raguwa suke yi, don Yamaha ta sanar a 2023 cewa ƙirar 2025 ce ta ƙarshe gare ta a wannan kasuwa.

Abin da tsayawar inji ke nufi a can, wani lamari na watan Janairun 2012 ya nuna shi. A kusa da garin Makkovik na yankin Labrador, babur ɗin wani yaro mai shekara 14 ya maƙale a cikin ƙanƙarar teku. Yaron ya sauka ya kama tafiya da ƙafa, ya yi kilomita 19 kafin sanyi ya ci ƙarfinsa. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa, lamarin da ya tayar da muhawara mai zafi a Kanada kan yadda ake aikin ceto. Nasa maƙalewa ya yi, ba ƙin tashi ba, amma lissafin ɗaya ne. Abin da babur ya ci cikin rabin awa, ƙafa sai ta yini ba ta maido shi ba.

Saboda haka ne a gasar Iron Dog ta Alaska, wadda aka fara a 1984 kuma tsawonta ya haura kilomita 3,000, ba a yarda mutum ya shiga shi kaɗai ba. Biyu-biyu ake shiga, kowa da babur ɗinsa. Ƙwararru ke nan, da sababbin injuna. Dattawan Inuit ma abin da suke gaya wa samari ke nan: kada ka fita kai kaɗai, ka faɗi inda za ka da ranar dawowa, ka ɗauki risho da tanti da wuƙar yankan ƙanƙara ko da tafiyar ta awa biyu ce, idan kuma injin ya ƙi, ka zauna kusa da shi, ka yi mafaka, don masu nema sun fi saurin hango babur a kan mutum mai tafiya. Gwamnatin Nunavut ma tana ba da aron wata 'yar na'ura kyauta a garuruwa, wadda ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ta nuna inda mutum yake idan ya danna. Ita ma da batir take aiki, don haka ita ma a aljihun ciki ake ajiye ta, tare da fulogan.